Yawu a Kwalba

Ni na haye da ita ran Talata
daga mashigin Yelwa, ruwa ya ja baya,
akwatin ƙanƙara bisa cinyarta
kamar mai jego da jinjiri.
Dakta Zuwaira. Ba ta iya zaman jirgi ba,
duk cakar gora sai ta damƙi gefe.

Na ce, me kuka rasa a birni
da za ku samu a gungunmu?
Gida arba'in da bakwai, albasa da taru,
kowa ɗan kawun kowa.
Ta ce, ai shi ne abin.
Ruwan kasuwa ya gauraye, ba a ganin ƙasansa.
Naku ya daɗe a randa guda, ya kwanta,
ko allura ta faɗa a hange ta.

Allurarta hawan jini.
Shi ya kayar da babana a kan homarsa,
ya bar shi da rabin baki.
Shi ya ɗauke Ige da taɓarya a hannu.
Mu mun ce iskar ruwa ce.
Ita ta ce rubutu ne a jini, siriri,
iyaye ke miƙa wa ɗa
yadda ake miƙa masa filafili.

Kwana tara muna tofa yawu a kwalba.
Dattawa suka juya wa surukai baya, suka tofa.
Ƙyalle ya shaƙe dantse, ya huce.
Muka dangwala yatsa.
Suna ya tashi, lamba ta zauna,
ni ne tamanin da uku.

Sai aka shimfiɗa wa Gwaggo Tarana tabarma a gindin kanya,
ita da ba ta san bihim ba.
Kyauta ta haifi Gado,
Gado ya auri ɗiyar Noma, ƙanwar uwarsa ce ta goye ta,
su suka haifi Ige da Ɗantani mai sanƙo...
Dakta na zana da'ira, tana jan layi,
takarda uku aka liƙa,
har abin ya koma taru,
mu duka a ciki, matattu da masu rai.

Da aka zo kan Jatau, Gwaggo ta nemi goro.
Ta daɗe tana tauna.
Ta ce, ɗan Gado ne. Rubuta.

Bayan damina Dakta ta dawo.
Ta kori yara, ta rage murya,
ni kaɗai na rage, don ni ke riƙe da jaka.
Ta ce, Gwaggo, ƙulli ɗaya ya ƙi zama.
Gwaggo ta dubi Kwara.
Shekarar da madatsa ta haɗiye tsohon gari, in ji ta,
Gado ya ga masaki na yawo da kuka a ciki.
Matarsa na shayarwa. Nono biyu ne da ita.
Yau Jatau na da jika sha ɗaya.
'Yar nan, taru mai faci ba ya kama kifi?

Dakta ta rufe littafi.
Biron da ta cire wa hula, ta mayar masa.

A jirgi na tambaye ta magani.
Ta ce da sauran tafiya,
ƙila jikokinmu, ƙila na mutanen da ba su taɓa jin sunanmu ba.
Ban ji daɗi ba, ban kuma ce ƙarya take ba.
Wanda ya dasa giginya ba don bakinsa ba ne,
amma ko inuwa a rage masa.

Ta bar mana na'urar awo.
Ni ke sayo mata batir ran kasuwa
daga kuɗin fito.
Jiya bayan la'asar na ɗaura wa Jatau,
yana ta yi mini tsiyar gishiri.
Lamba ta hau, ta hau, ta tsaya
daidai inda ta babana ke tsayawa.
Ya yi dariya, ya ce, gadon gida ne, yaro.

Na ce, haka ne, Kawu.
Na kwance ƙyallen.